Yadda Aljanu Suka Yi Mini Noma

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ƙwaya ɗaya kullum, kuma duk ƙauyenmu Toranke daga ni sai matata muka sani. Lokaci-lokaci nakan hau babur zuwa Gaya in ce kasuwa za ni, in dawo da maganin a ƙasan ledar gishiri. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Gajiya ce kawai ta liƙe mini. Da rana ta take sai jikina ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Nas ɗin asibiti ta duba sakamakon jinina ta ce ƙwayar cutar ta yi likimo, amma in riƙa cin wake da zogale, in rage shiga rana, in huta. Na ce, "Haba Hajiya, manomi za ki ce wa ya huta da damina?" Ta ce to in zaɓa.

Matsalar ita ce gayya. A wurinmu in ka yi wa mutum noma ranar gayyarsa, zai zo taka. In ka noƙe, ciyawa za ta cinye geronka kana kallo.

Ranar gayyar Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon da ban taɓa ganin ya zauna a gona ba, na ɗauki fartanya na shige gaba don kada a raina ni. Iyakar abin da na tuna ke nan. Farkawa na yi tsakanin kunya biyu ana mini fifita da malafa, Kawu yana tofa mini addu'a. Wai har da munshari. Nan take ya yanke hukunci cewa aljanun tsamiyar bakin gona ne suka taɓa ni. Ni kuwa na yi gum, Allah ya yafe mini, na ga gara a zargi aljanu. Sati biyu ana shafe ni da tafarnuwa, har akuyarmu ta daina zuwa kusa da ni.

Sai na yi dabara. Duk ranar gayya, ina idar da sallar asuba sai in wuce gonar in nome rabona da sanyin safiya, kafin jama'a su iso da hantsi ina gindin bishiya. Ashe a gayya aikin da ba a ga kana yi ba, ba ka yi shi ba. Wasu suka ce fura kawai nake zuwa sha. Wasu suka ga kunyoyin an nome su tas, suka ce ai aljanun nawa ne ke mini aiki, har wani ya roƙe ni in ara masa su ranar Laraba. Ana ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin saura kwana huɗu gayyata kuma ba wanda ya ce mini zai zo.

Na sami Kawu shi kaɗai yana washin fartanya. Na faɗa masa komai game da cutata.  Sai ya ce, "Wato duk tafarnuwar nan a banza, ja'iri?" Ya ci gaba da washinsa. Na tashi ban san matsayina ba.

Ranar gayyata ina isa gona bayan asuba na tarar da mutane fal, suna hamma suna mita. Ashe Kawu ne ya bi gida-gida yana cewa shi fa ya tsufa, rana ta fara fin ƙarfinsa, daga yau da asuba za a riƙa fara gayya. Muka yi noma kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ganina.

Da rana ta fara zafi na ji ƙafafuna sun soma saki. Sai Kawu, wanda ko gumin kirki bai yi ba, ya yar da fartanya ya nufi inuwa dafe da ƙugu. Ya kira ni da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Kai, ni na gaji. Zo ka taya ni zama."

Na je na zauna kusa da shi ina goge ido da hula, shi kuwa yana ta ƙorafin har yanzu ina warin tafarnuwa.