Bukkar da Buraima Ya Gina a Riyad

Buraima mutumin Tasawa ne, can ƙasar Maraɗi. Ya zo Riyad leburancin gini da niyyar ya ɗan taɓa ya koma, sai ga shi furfura ta cim masa a can. Da ciwon baya ya matsa masa, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya mayar da shi wani rukunin gidaje mai katanga inda baƙin ma'aikata ke zama, ya koma gyaran famfo da ƙofa da esi mai sanyaya ɗaki. Kwana kuwa a unguwar Jaradiya yake yi, ɗaki ɗaya da 'yan garinsu. Mutum ne da ya tsani a raina aikinsa. Ko maratayar tawul ya kafa, sai ya rataya kansa a jiki ya ga ƙarfinta.

Wata shekara da kaka, wani dattijon injiniya mai suna Gershon ya ja shi bayan gidansa, ya yi ƙasa da murya ya ce bukka yake so. Ya ce su Yahudawa ne, shi da matarsa Perla da wasu tsirarun maƙwabta da ba sa yayata kansu. Suna da idi na mako guda da ake cin abinci cikin bukka, don tunawa da kakanninsu da suka yi yawon hamada bayan fitowa daga Masar.

"Mutanen Annabi Musa ke nan," in ji Buraima. "Ai na san labarin. Bar mini kawai."

Ya sayo katako da kwano, ya tayar da bukkar da ko raƙumi ya jingina ba za ta motsa ba. Gershon ya zagaya ta, ya yaba, sannan ya ce a cire rufin. Dole sai na ganye, kuma sai ana hango sama ta cikinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Buraima, "a garinmu mai irin wannan rufin taimako ake kai masa."

Ya ɓamɓare kwanon yana ƙunƙuni, ya shimfiɗa ganyen dabino. Idi na farawa iska ta ɗauke rufin ta jefa a kwamin wankan maƙwabta, sai da manjagara ya tsamo shi. Aka mayar. Washegari na'urar ban ruwan lambu ta tashi da kanta ana tsakiyar cin abinci, ta jiƙe baƙi da burodinsu. Kullum Buraima yana jiran su yi fushi su koma ɗakin sanyi, kullum sai ya tarar sun matse riguna sun sake jera kujeru.

Ranar ƙarshe da rana iskar ta dawo da ƙarfinta, bukka ta karkace. Buraima ya rungumi ginshiƙi ɗaya, Gershon ya kama ɗaya, wani likita ya tokare na uku da kafaɗa. Perla ta bi su da faranti tana cusa wa kowa dabino a baki.

"Kada ka damu, ɗan'uwa," ta ce wa Buraima. "Bayan yaƙin duniya na biyu, uwata da 'yan kaɗan da suka tsira daga kisan Yahudawa a garinsu sun yi tasu bukkar da ƙyamaren rusassun gidaje. Bukkar ta faɗa kan tukunyar miya. Uwata ta ce ranar suka fara jin dariyar junansu. Tamu ai fada ce."

Suka rera waƙarsu a hankali, ta fatan ganin baɗi. Ana cikin haka aka kira la'asar. Buraima ya dubi ginshiƙi, ya dubi Gershon.

"Je ka yi sallarka," in ji dattijon. "Bukkar ta yi iya nata."

Yana saki, bukkar ta durƙusa a hankali kamar tsohuwa za ta zauna. Daga ƙarƙashin ganye ba abin da ke fitowa sai dariya da hannun Perla riƙe da faranti.

Da suka zo kwashe kaya bayan idi, Gershon ya ce a adana katakon. Buraima ya tuna masa cewa kwangilarsa, shi Gershon, ta kusa ƙarewa.

"In ba mu, wani zai zo ya nema," in ji Gershon.

Buraima ya kai katakon Jaradiya ya jingine a tsakar gida. Kafin Juma'a abokin ɗakinsa Issoufou ya ɗaura igiya ya mayar da shi wurin shanya. Buraima ya ƙyale shi, da sharaɗin ban da jiƙaƙƙen bargo, kada katakon mutane ya lanƙwashe.