Kwandon Gwaggo Lami

Duk wanda ya sha miyar kuka a Ruwan Bago, da wuya bai ci daddawar Gwaggo Lami ba. Yayar mahaifina ce, gajeriya, mai faɗa kamar ta ari baki. Tun tana budurwa take dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta juye a wani tsohon kwando ta rufe da buhu har ta ruɓa yadda take so. Kwandon na kakarmu ne, kuma ruwa bai taɓa ganinsa ba. Muna yara, toshe hanci muke yi mu wuce da gudu.

Da na kai ajin ƙarshe a jami'a, sai na zaɓi yin bincike kan ƙananan ƙwayoyin halittar da ke mayar da kalwa daddawa. Na je na roƙe ta cokali guda daga cikin kwandon.

"Ba a buɗe mini kwando kafin ya nuna, 'yar nan," in ji ta. Ta harare ni, ta yi tsaki, sannan ta ɗaga buhun da hannunta.

A ɗakin gwaji muna da sitacin dankalin Turawa, irin mai narkewa a ruwa ba tare da ya yi kauri ba. Na dafa shi da garin da ke sa shi daskarewa, na zuba a farantan gilashi, na shafa kalwar a kai. Da ƙwayoyin suka tsiro na kwara ruwan aidin, wanda ke mayar da sitaci shuɗi. Farantin ya koma shuɗi mai duhu, sai kewayen wasu ƙwayoyi da ya yi fari tas, alamar sun cinye sitacin. Su na ware, na gwada su a kalwa suka yi aiki, na ajiye sauran a firiza. Da su na samu digirina, da su kuma na samu aiki a ɗakin gwajin.

Bara Gwaggo ta kwanta asibiti. Surukarta Siddiqa, mai tsabta ce baiwar Allah, ta ga dama ta samu. Ta dirje kwandon da omo da ruwan zafi, ta shanya. Da Gwaggo ta dawo, duk abin da ta rufe sai ya fito da yauƙi da ɗaci. Matan garin Zoza da suka saba aiko mata suka koma wani gida. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata mu. Cewa kawai ta yi hannunta ya mutu.

Na tayar da ƙwayoyin firiza, na zo da su a 'yar kwalba. Ta duba ta ce, "Wannan ruwan wankin ne zai yi mini daddawa?" Amma ta bar ni na yayyafa a kan kalwar, raina kuwa kamar ya fita.

Ranar buɗewa, wari ne ya riga mu fita tsakar gida. Gwaggo ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci. Ni dai hawaye nake yi, ina gode wa Allah da ya sa na rama mata alherinta ko kaɗan.

"Siddiqa," ta ƙwala kira, "kawo turmi! In kika sake taɓa mini kwando, ni da ke ne."