Hitar ruwan da Hauwa ta bari a jone

"Inna, ɗakinmu ya ƙone." Haka 'yata Hauwa ta faɗa min a waya daga jami'a.

Na ce, "Innalillahi! Garin yaya, uwata?"

"An ɗauke lantarki, na bar hitar ruwa a jone na tafi aji. Aka maido ba kowa a ɗakin. Takardun shaidata sun ƙone, har da na abokiyar zamana."

Na koya mata rufe garwashi da toka da addu'ar fita gida. Ƙauyenmu a Gwiwa babu lantarki, ban san zan ce mata ta zare komai kafin ta fita ba.

Yanzu ta ce ta haƙura da karatun. Iyaye, don Allah me zan ce mata?