Waƙar Ƙirgan Inna a Bakin 'Yata

Jiya ina wanki a gidana nan Dutse, sai na ji 'yata Hafsa tana kaɗa bayan roba, tana rera ƙirga da Fulatanci: go'o, ɗiɗi, tati.

Na saki wankin. Da wannan waƙar marigayiya Innarmu take koya mana lissafi a Jahun in mun taso daga makaranta. Ta kifa ƙwarya, mu kaɗa, mu ƙirga da Hausa, Fulatanci da Larabci.

Na ce, "Hafsa, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Ke mana, Umma. Kullum kina rerawa in kina tuƙa tuwo."

Wallahi ban san ina yi ba, sai ga hawaye.

Allah Ya jiƙan Inna. Ku fa, me iyayenku suka bar muku a baki?