Ranar da Jimrau Ya Yi Dillancin Ƙafarsa

Jimrau taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma yau zan yi amfani da izinin. An haife shi a wani ƙauye kusa da Sabon Maci, a gidan manoman gero da wake, amma tun yana saurayi ya gano cewa shi da hauya ba za su taɓa shiryawa ba. Ya taho Dakoro, ya faɗa kasuwar dabbobi, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana dillancin shanu. Bai taɓa mallakar garke ba. Jarinsa baki ne da ƙafa. Ranar kasuwa, tun hantsi har la'asar sakaliya yana kai da kawowa tsakanin mai saniya da mai saye, ba ya zama sai in salla ta zaunar da shi.

Jimrau ba ya ƙarya, in ji shi. Abin da yake yi kawai, in bajimi mai ido ɗaya ne, zai tsayar da kai a gefen idon mai lafiya. In saniya tana ɗingishi, cikin rairayi za ka ga ana jan ta, inda kowace dabba take tafiya a karkace. In ta rame, za ta kwana tana lasar kanwa, da safe ta sha ruwa har cikinta ya yi tim. Ƙa'idarsa ɗaya ce: aibi, mai saye ne zai nemo shi, kuma da zarar igiya ta bar hannunka ta shiga nasa, to dabba ta zama tasa da duk abin da ke jikinta.

Shekara shida ke nan da ciwon suga ya kama shi. Bai hana shi shayi mai kauri ba, duk da faɗan majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, inda yake karɓar ƙwayoyinsa duk wata. A daminar bara wani abu ya soke shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama. Bai ma ji ba sai da ya ga jini. Ciwon ya ƙi warkewa. Dillali mai ɗingishi kuwa ba wanda zai danƙa masa saniya, sai Jimrau ya sayi safa da takalmi sau-ciki, ya riƙa yawo da su cikin zafin garin nan kamar sabon ma'aikacin gwamnati. Mutane suka ce ya samu duniya. Matarsa Azara ce ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiya, domin ita ke wanke tsumman da yake ɗaure wurin da shi, kuma kullum tsumman ƙara ɓaci yake. Ta ce tana tsoron ƙafar nan ba za ta kai baɗi ba.

Ana cikin haka majo ya tara masu ciwon suga ya ce wani babban asibiti a birni yana bincike, yana neman irinsu. Za a duba kowa, a zaɓi wasu a kula da su wata shida, gwaji da magani da gado duk a kan masu binciken. Jimrau ya zo shagona na ɗinki yana murmushi, ya ce Allah ya kawo mai saye. Na ce to, sai ya je ya nuna masu ƙafar. Ya dube ni kamar na zagi kakarmu.

"Kai dai ba ka san kasuwa ba, taubashi," in ji shi. "Wa ka taɓa gani ya zaɓi gurguwar saniya? Su amshi igiya tukun. In na shiga hannunsu, sannan in tuɓe takalmi."

Zan faɗi nawa laifin, tun da na faɗi nasa. Maganar ta shige ni. Na juya ta ta kowane gefe na ga hikima ce tsantsa, har ni na ɗinka masa sabuwar riga mai faɗi don ta rufe ramarsa. Shi kuma ya shirya kansa yadda ya saba shirya dabba. Kwana biyu bai taɓa shayi ba, bai ci fura ba, sai ganye da ruwa, don jininsa ya fito fes. Ya shafa wa gemu baƙi. Ya yi ta gwada tafiya a tsakar gida yana cije baki, har ɗingishin ya ɓace.

Mun isa birni da wuri, amma Jimrau ya kafe sai wanzami ya gyara masa fuska. Kafin mu gama, mu gano ƙofar da ake shiga a cikin wannan asibiti mai girman unguwa, an riga an tara mutane an yi masu bayanin binciken daga farko har ƙarshe. Mu dai muka tarar da layi, mutum sun fi sittin, muka zauna a ƙarshe. Jimrau ya shiga aikinsa na ƙare wa jama'a kallo. Akwai wani tsohon makiyayi daga wajen Birnin Lalle, ƙafarsa a kumbure, a naɗe da zane, ƙuda na bi. Jimrau ya raɗa mini cewa wannan ko kyauta ba mai ɗauka, an dai wahalar da bawan Allah a mota.

Da layi ya zo kansa, wata ma'aikaciyar jinya ta soki yatsan hannunsa, ta ga suga daidai, ta yaba masa. Sannan ta ɗauki takarda ta fara tambaya. Akwai ciwon da ya ƙi warkewa? Babu, in ji shi, har da rantsuwa. Ƙafa tana mutuwa ko tana zafi? Ko kusa. Kafin ta ce komai ya tuɓe takalmin hagu ya miƙa mata ƙafa mai lafiya, yana murza yatsu, yana ba ta labarin yadda ya taɓa zuwa Sabon Maci a ƙasa ya dawo bai sha ruwa ba. Ya tashi ya taka gaba ya taka baya. Yarinya ta yi dariya, ta sa masa albarka, ta ce Baba ya ci gaba da kula da kansa haka, ya koma gida ya riƙa shan ƙwayoyinsa.

A gindin bishiyar dogonyaro da ke bakin ƙofa muka ji sauran labari daga bakin 'yan rakiya. Ashe binciken kan gyambon ƙafar masu suga ne. Hanya biyu ta wanke ciwo da ɗaure shi ake gwadawa, ƙuri'a ce ke raba wa kowa tasa, don a ga wacce ta fi saurin warkarwa. Masu ciwo ake nema. Muna tsaye aka wuce da tsohon makiyayin nan a keken marasa lafiya, ma'aikata biyu na tura shi, har da mai riƙe masa sanda.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na farfaɗo na ce mu koma ciki ya tuɓe ɗayan takalmin. Jimrau ya ce faufau. Shi da ya rantse a gaban yarinya sa'ar jikarsa, ya yi mata rawa, yanzu ya koma ya ce ƙarya ya yi? Dillalin da ya warware maganarsa ya gama yawo. Na yi lallashi, na yi zagi, na bar shi. Wannan barin da na yi shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Sati biyar muka yi a gida. A na shida zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin ya fara wari. Azara ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauke takalman duka biyu ta jefa a rijiyar da ta ƙafe, ta aiko a kira ni, ta ce ko in kai shi ko ta tara 'yan kasuwar shanu su zo su ga abin da ke cikin safar. Washegari muna mota.

Wannan karon babbar likitar binciken muka gani, lokotoro kamar yadda muke cewa a wajenmu, Rabi'atu, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya. Jimrau bai jira tambaya ba. Ya zauna ya lissafa mata aibin kayansa ɗaya bayan ɗaya: ranar da abu ya soke shi, tokar da ya zuba, man shanun da ya shafa, shayin da bai daina ba, yunwar da ya yi don ya ruɗi gwaji, har baƙin gemu. A shekara talatin ban taɓa jin ya yi wa mai saye haka ba. Ta saurara, ta warware tsumman da hannunta, ta daɗe tana dubawa, ta aika aka ɗauki hoton ƙashi.

Ta ce da ya nuna ranar farko, da shi suke nema. Yanzu ciwon ya kai ƙashi, ya wuce abin da binciken ke ɗauka. Amma ba za su sallame shi ba, gado yana nan, kulawa tana nan. Ƙafa za ta tsira in Allah ya so, sai dai yatsu biyu za su tafi, babba da na kusa da shi. Ta kuma ce daga yau duk wanda ya zo teburin farko sai ya tuɓe takalmi biyu, ko da rawa yake yi.

"Lokotoro, ɗaya dai," in ji Jimrau. "A ɗauki ƙaramin, a bar mani babban."

"Baba, in na rage maka yau, wata mai zuwa a gwiwa za mu yi magana."

Can ya ce, a hankali, "To ɗiyata, ki bar mani abin da zan taka in kai kasuwa. Ban iya komi ba sai tahiya."

Aka yi aiki da safe. Da azahar aka bar ni na shiga. Tun daga Dakoro nake tara maganganun da zan yi masa, na cika ciki da su, amma da na gan shi kwance, gemu ya koma fari, ƙafa a naɗe kamar damin auduga, sai duk suka gudu. Tausayi ya kama ni, da kunyar rigar da na ɗinka. Na zauna a bakin gado ina yi masa sannu, sannu, kamar baƙo.

Ya daɗe yana kallona. "Alhusaini," ya ce, "yi mani tsiya mana. In kai ma ka koma yi mani sannu, sai in ɗauka mutuwa zan yi."

Na ce masa ai shi ya ci riba, daga yau alwala ta yi masa sauƙi, yatsu takwas kaɗai zai tsettsefe, zai riga kowa shiga sahu. Jimrau ya yi dariya har gadon ya girgiza, hawaye na bin gefen fuskarsa, bai share ba. Sannan ya ce in je in tambayi likita ranar da za a bar shi ya gwada tsayuwa.