Maɓallin Da Ya Ruɓar Da Albasar Giwa Tazo

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Aliero ba, ina jin kaina kamar ni na ƙera intanet. Ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu ta nemi a yi mata shafi a waya, inda kowa zai kama gurbi a motar da ke kwasar albasa zuwa Jega. Kawuna na ƙauyen Giwa Tazo, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya tsaya mini aka ba ni aikin.

Son banza ya sa na ɗauko wani guntun kod, wato rubutun umarnin kwamfuta, da wani ya rubuta ya ajiye a intanet. Aikinsa shi ne ya saurari maɓallin da ke kan shafin, da an danna ya aika sunan mutum. Ko bayaninsa ban karanta ba. Na gwada a Aliero inda sabis ke gudu, ya yi, na bugi ƙirji. Na manta su wa na yi wa aikin. A Giwa Tazo sabis rarrafe yake yi, dattijonmu kuwa in ya yi sallama ba a amsa ba, maimaitawa yake. Haka kawu ya yi wa maɓallin har sau tara, ni kuma ban sa layi ɗayan da zai kulle shi bayan dannawar farko ba.

Sunan kawu ya cinye gurbi tara, shafin ya ce wa mutum takwas mota ta cika. Ta tafi rabinta wayam, albasarsu na jibge a bakin hanyar Maiyama har ruwan farko ya same ta. Na je na gani. Baƙin ruwa na tsiyaya daga buhuna, ƙuda ya yi dandazo, warin ya sa har na yi amai a gefen titi.

Amma wallahi shirun da na yi ya fi wannan ƙazanta. A taron ƙungiya aka ce kawu ya yi handama, wani ma ya ce ashe furfura ba ta maganin kwaɗayi. Ina zaune, na san inda matsalar take, na yi gum don kada a ce ɗan boko bai iya ba. Kawu ya dube ni sau ɗaya, ya miƙe ya ce laifin yatsansa ne, a yafe masa. Ranar aka sauke shi daga cikin dattawan ƙungiyar.

Gyaran bai ci minti biyar ba. Gaskiyar kuwa sai bayan wata biyu na faɗa, kuma ba wanda ya yarda, cewa suka yi ɗa ne ke wanke ubansa.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku karanta abin da kuka ɗauko, ku gwada shi a inda za a yi aiki da shi, in kun yi kuskure ku faɗa tun da zafinsa. Har yau in aka miƙa wa kawu waya, hannunsa yake mayarwa cikin aljihu, ni kuma in rasa inda zan sa idona.