Ƙasusuwan da Na Tara a Langa

'Yata ta fari, wadda har gobe bakina bai iya kama sunanta ba, karatun ƙasusuwa take yi. Ba na mutane ba, na wasu halittu ne da suka shuɗe tun kafin a yi mu, har ƙashinsu ya zama dutse. Ta ce min a da can akwai masu rarrafe da suka yi fiffiken fata irin na jemage suna tashi sama, su kuma nata 'yan ƙanana ne masu gudu a ƙasa. Aikinta ta gane wane ne ɗan'uwan masu fiffiken na kusa, wane ne ba ya cikin dangin.

Ƙasusuwan na gaskiya suna ƙasashen waje. Kwafinsu na roba aka aiko wa malaminta, shi kuma ya ba ta aro. Ta zo da su gidanmu na Tudun Wada, ta shimfiɗa farin ƙyalle a ɗakinta, ta jera su, kowanne da 'yar takarda mai lamba a ƙarƙashinsa. Ashirin da uku ne, yawancinsu ba su fi cinyar zabo ba. Mako uku tana aunawa tana raba su kashi-kashi. Ga ta da magana ita kaɗai, halina ta ɗauko. Tagarta kuwa a kan inda nake zama tsintar shinkafa take.

Ranar wata Talata ta tafi makaranta, na leƙa ɗakin na ga yanar gizo ta cika kusurwa. Na ce bari in yi mata gwaninta. Na kwashe ƙasusuwan a hankali na zuba a langa, na tattara takardun na danne da kofi, na kakkaɓe ƙyallen, na share ɗaki tas. Sai da na zo mayarwa na tsaya da langa a hannu. Wace takarda ce ta wane ƙashi?

Alhamis za ta kai aikin gaban malamanta. Ni na san da haka, don ni na goge mata mayafin da za ta saka.

Malam, maigidana, ya dawo daga azahar ya same ni zaune a ƙofar ɗakin. Na gaya masa.

"Ki jera su kawai," in ji shi. "Ƙashi ai ƙashi ne."

"Malam, in na cakuɗa maka littattafanka shafi-shafi, takarda takarda ce?"

Ya yi gyaran murya ya shige turaka.

Da la'asar ta shigo da sallama. Ban bari ta ajiye jaka ba na miƙa mata langar. Ta duba ciki, ta duba takardun, ta zauna a bakin gado.

"Ba a rubuce suke a littafinki ba?" na tambaye ta.

"Awon yana rubuce, Inna, lamba da lamba. Amma sai na sake auna kowanne ta ko'ina kafin in gane shi. Wasu bambancinsu bai kai ƙwayar gero ba. Kwana biyu ba za su isa ba."

Sai bakina ya suɓuce: "Lamba sha bakwai dai ita ce mai kai kamar ƙugiya, mai tsaga a gindi."

Ta ɗago. "Wa ya gaya miki?"

"Ke mana. Kullum sai kin faɗa, kamar mai tilawa."

Ta tona langar, ta fito da mai tsagar, ta sa mata ma'auninta mai baki kamar filaya, ta duba littafi. Daidai.

"Inna, ci gaba."

Na rufe ido, don haka na yi haddar izu biyun da na samu kafin in bar makaranta. Muryarta na riƙa ji ta taga. Huɗu, siririya, kai a miƙe, ba 'yar dangi ba. Tara, mai ƙugiya, gajeriya. Sha biyu, wadda kike ce wa mai taurin kai. Ina faɗa tana zaɓowa tana aunawa. Sau biyu na kuskure, ma'auni ya kama ni. Ta ce, "Ashe ke ma kina tuntuɓe a karatu." Na ce, "Malamar ce ba ta faɗa da ƙarfi ba ranar, ana daka a maƙwabta."

Sha takwas na kawo. Sauran biyar ta auna su da kanta kafin a kira magariba. Da ta zo kan ta ƙarshe na ce, "Wannan ai ita ce kike kai wa dama ki dawo da ita hagu." Ta yi dariya ta ce har yanzu ba ta san danginta ba, kuma haka za ta gaya wa malaman, ba za ta ƙaƙaba mata 'yan'uwa ba.

Sai a lokacin na ji yunwa, na tuna ban ɗora tukunya ba. Garin kwaki muka jiƙa, Malam yana ta mita.

Ranar Alhamis ta dawo da fara'a, ta ce an karɓi aikin, gyara kaɗan ne. Tun a ranar Laraba ta riga ta manna wa kowane ƙashi lambarsa a jiki. Yanar ɗakin ta dawo, ina ganinta ta taga, ban taɓa ta ba.